Yadda za ka koya wa ɗalibai rubuta proposal da Ingilishi kan gyaran ɗakin kwamfutar lakwal

Malamai ƴan uwana masu koyar da Ingilishi a lise da CEG na nan Damagaram, wannan naku ne. Kun dai san tun watan Maris na 2025 kundin da ake tafiyar da ƙasa da shi ya mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, toh kenan Ingilishin da muke koyarwa ya wuce na cin BAC kawai, yaron da ke gabanka yau gobe yana iya zama a ofishin da za a ce masa rubuta mana takardar shawara da Ingilishi, wato abin da ake kira proposal, kuma galibinsu ba su taɓa ganin kamanninta ba. Ko jarrabawar Cambridge ta C1 Advanced tana kawo shi cikin zaɓin ɓangare na biyu na rubutu, kalma 220 zuwa 260. Ni a wurina batun da ya fi daɗin fara koyar da shi shi ne ɗakin kwamfutar lakwal, don babu ɗalibin da ba shi da ta cewa a kai, ko wanda bai taɓa taɓa kilabiye ba ya san dalilin da ya hana shi taɓawa.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne matsalar yaranmu a wannan rubutun ba ƙarancin Ingilishi ba ce kamar yadda muke zato. Sun taso da rubuta demande, irin wadda ake buɗewa da "J'ai l'honneur de solliciter de votre haute bienveillance", sai su ɗauko ta ɗungurungum su juye cikin Ingilishi, layi biyar na girmamawa da roƙo, layi ɗaya na cewa a taimaka mana da kwamfuta, sai sa hannu. Proposal kuwa ba roƙo ba ne, takarda ce da ke cewa ga halin da ake ciki, ga hujja, ga abin da ya kamata a yi, ga kuɗin da zai ci, ga amfanin da za a samu. Wanda zai karanta so yake ya yanke shawara, ba wai a tausasa masa zuciya ba. In yaro bai gane wannan ba ko ƙamus ya haddace ba zai rubuta ta daidai ba.

Saboda haka mataki na farko ba a cikin aji ake yinsa ba. Ka nemi izini wurin sanser ko wanda ke riƙe da makullin ɗakin, ka raba ajin gungu-gungu, mutum biyar ko shida, kowane gungu da kaye da bik, su shiga su ƙirga. Kwamfuta nawa ce a ɗakin, nawa ke kamawa, nawa ke kamawa amma sai ka gama shan shayi kafin ta buɗe Word, nawa babu suri, nawa ekiran ɗinsu ya mutu, soket nawa ke aiki, fanka na juyawa ko ba ta juyawa, tagogi na rufuwa ko ƙura na shigowa yadda ta ga dama. Wani gungun ya je ya tambayi yawan ɗaliban lakwal gaba ɗaya da yawan ajujuwa, wani ya duba jadawali ya ga awa nawa ake buɗe ɗakin a sati, wani kuma ya zagaya ya yi wa ɗalibai ashirin ko talatin tambaya uku kacal: ka taɓa shiga ɗakin bana, ka iya buga shafi guda da kanka, mene ne ya fi hana ka shiga. In lakwal ɗinku ba ta da ɗakin kwamfuta sam, aikin bai lalace ba, sai su ƙirga abin da ke akwai, wane ɗaki ne babu kowa ciki, akwai kuran ko babu, ɗalibai nawa ke zuwa siber a gari suna biyan kuɗi don buga expose.

Kuma a wannan matakin ka bar su su yi maganarsu da Hausa ko Faransanci. Na san akwai malaman da ba za su yarda da ni ba, masu cewa daga ƙofar aji sai Ingilishi, amma tunani ake tattarawa yanzu ba harshe ba, in ka takura su za su kawo maka abin da suka iya faɗa ne kawai su bar abin da suka gani.

Da sun dawo sai mataki na biyu, ka tambaye su wa ake rubuta wa. Furobizer ne, wato shugaban lise, ko kwamitin tafiyar da lakwal da iyayen yara ke ciki, ko wata ƙungiya mai zaman kanta, ko tsofaffin ɗalibai da suka yi arziki. Ka sa su zaɓi ɗaya su tsaya a kai, don abin da ke damun furobizer daban da abin da ke damun ƙungiya, shi zai tambaya wa zai riƙe makulli, wa zai biya kuɗin kuran, ita kuma za ta tambaya yara nawa za su amfana, ƴan mata nawa ne ciki. Don fara koyo ni furobizer nake ba da shawara, mutum ne da suka sani.

Mataki na uku shi ne inda za ka ɓata lokaci sosai kuma kar ka ji haushin ɓata shi, wato tace shawarwari. Amsar farko da kowane aji ke bayarwa ita ce a sayo sabbin kwamfutoci hamsin a sa AC a sa intanet mai gudu. Ka rubuta ta a allo kar ka yi dariya, sannan ka fara tambaya. A watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, in aka ɗauke kuran tsakar rana, kwamfutoci hamsin ɗin me za su yi? In hunturu ya shigo ƙura ta cika fankokin cikin injin fa? Ku tuna wutar wannan yankin da yawanta daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina, kuma kowa ya ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023 da aka yanke ta. Daga nan za ka ga yaran da kansu sun fara sauka ƙasa, wani ya ce panno da batir, wani ya ce ondiler don kar injin ya mutu farat ɗaya in kuran ya tafi, wata ta ce a ɗinka wa kowace kwamfuta riga a wurin tela a rufe ta bayan an tashi, wadda wallahi ta fi shawarwari da yawa masu tsada amfani.

Nan ne kai malami za ka ƙara musu abin da ba su sani ba. Laftof ba ta cin wuta kamar kwamfutar tebur, cajarta yawanci watt 45 zuwa 65 ce, ta tebur da ekiran ɗinta kuwa tana iya haura 100, ga shi kuma laftof da batirinta a jiki, toh in da panno za a yi aiki wannan bambancin shi zai faɗi yawan pannon da za a saya. Tsohuwar kwamfuta mai nauyin tashi ba lallai sai an jefar ba, sau da yawa ƙara mata RAM, wato ƙwaƙwalwar aikinta, ko canza mata diski zuwa SSD mai saurin tashi ya wadatar. Linux mai zama madadin Windows da LibreOffice mai zama madadin su Word kyauta suke. Akwai manhajar Kiwix da ake zuba Wikipedia ciki a karanta ba tare da intanet ba, da ta Faransanci da ta Ingilishi har da ta Hausa, wanda ga lakwal ɗin da ba ta iya biyan Airtel ko Moov ko Zamani kowane wata babbar mafita ce. Sai wani abu da mu na nan kaɗai ke fama da shi, kayan da ake saro wa daga Kano kilabiyensu QWERTY ne, wato jerin haruffan Ingilishi, mu kuwa Faransanci ake bugawa da su é da è da ç, AZERTY aka saba, in ba a faɗa cikin takardar ba sai an kawo kaya a fara ƙorafi.

Daga ƙarshe ka tilasta musu su rage zuwa uku. Uku kawai, kuma kowace ta amsa wata matsala da suka ƙirgo da idonsu. In sun ce a sayi firinta alhali ba su ambaci matsalar buga takarda ba a sama, a cire. Su jera daga mai araha zuwa mai tsada, don mai karatu ko ba shi da kuɗin ta uku ya iya cewa toh a fara da ta farko.

Batun kuɗi kar ka bari su ƙirƙira. Su je shagunan kayan kwamfuta da na panno a gari, wajen kasuwar Dole da kewaye, su tambayi farashi a wuri biyu aƙalla, in mai shago ya yarda ya rubuta musu a takarda ya fi. Kuma ka lura da abu biyu. Mu da dala muke lissafi, mai shago ya ce dala ɗari yaro ya rubuta 100 alhali 500 ne, ko ya ce jaka hamsin ya rubuta 50, dole komai ya koma faran CFA cikakke. Sannan Ingilishi waƙafi yake sa wa dubu, 150,000, ɗigo kuma na gutsuren lamba ne, 2.5, akasin Faransanci, wannan kuskuren kusan kowa sai ya yi shi. In ƙungiyar waje ake rubuta wa suna iya ƙara lissafin yuro, tunda kuɗinmu a ɗaure yake, yuro ɗaya faran 655.957.

Sai yanzu a zo ga Ingilishi, mataki na huɗu kenan. Ka zana ƙashin takardar a allo: take a sama, kamar "Proposal to Improve the School Computer Room", sai To da From da Date, sai kanun sassa, Introduction, Current situation, Recommendations, Costs and benefits, Conclusion. Za su yi mamakin kanun nan saboda a dissertation an hana su, ka gaya musu a nan dole ne, mai karatu yana da aiki, yana so idonsa ya faɗa kan abin da yake nema kai tsaye. Babu "Dear Sir", babu gaisuwa, babu "I hope you are in good health". Wannan na yi wa yaran Damagaram nauyi ƙwarai, yaron da aka tarbiyyantar da shi ba ya yi wa babba magana sai ya durƙusa ya ce ranka ya daɗe, ka ce masa ya shiga zance babu sallama, gani yake rashin kunya ce. Ka nuna masa ladabin wannan takardar a wani wuri yake, cikin could da would da rashin ɗora wa kowa laifi.

Gabatarwa jimla biyu ta isa. "The aim of this proposal is to describe the current state of the computer room and to recommend three improvements. It is based on an inspection of the room and a survey of thirty students." Shi kenan a wuce, kar su fara da tarihin ƙirƙiro kwamfuta ko "Nowadays the world is a global village", wannan jimlar na gaji da ita.

Sashen halin da ake ciki shi ne inda ƙirgan nan zai yi aiki. Ka rubuta jimla biyu a allo ka ce su zaɓi wadda za ta motsa furobizer, "Our computers are very very bad and we are suffering" da kuma, a ce misali wannan suka ƙirgo, "Of the twenty computers in the room, only eight are in working order." Za su zaɓi ta biyu ba sai ka yi bayani ba. Nan kuma wurin da passive ke da amfani na gaske, ba irin na atisayen juya jimla da suke yi tun katiriyam ba su san dalili ba. "The machines have not been serviced for two years" ta faɗi gaskiya ba ta nuna kowa da yatsa ba, amma "The administration has neglected the machines" faɗa ce, kuma da wanda kake neman abu wurinsa.

A sashen shawarwari akwai ginin jimla uku da nake so su zauna musu daram: "We recommend that the school install two solar panels", "We suggest buying dust covers", da "It would be advisable to open the room on Saturday mornings." Ka tsaya a kan suggest, don Faransanci na cewa suggérer de faire, sai su rubuta "we suggest to buy", kuskure ne, sai dai buying ko that the school buy. Bayan kowace shawara jimla ɗaya ta amfani da would, "This would allow lessons to continue during power cuts." Ka hana must da have to in da shugaba ake magana, should ma a yi ta da sauƙi, ka hana don't da can't da it's, a rubuta su cikakku, a bar "a lot of" da "stuff" da alamar motsin rai.

Sai tarkon da Faransanci ke ɗana musu, wanda ya kamata ka ware masa rabin awa shi kaɗai. Mafi muni shi ne "Our school disposes of twenty computers", yaro na nufin muna da su, ya faɗa wa mai karatu muna zubar da su. "We demand new computers" na nufin muna tilastawa ne, request ake so. Actually ba actuellement ba ce, currently za su sa. Formation ta malamai training ce. Equipment da information da advice da software ba sa ɗaukar s, ko da kuwa da yawa ne. Library ɗakin karatu ne ba shagon littafi ba. Salle informatique kuma computer room ce ko computer lab, ba "informatic room" ba, sannan professor na jami'a ne, mushen lise teacher ne. Ka sa su buɗe shafi a bayan kaye su dinga tara irin waɗannan, kowane aji na da nasa da yake maimaitawa.

Kammalawa ita ma gajeriya, ta faɗi abin da ake so mai karatu ya yi da kuma yaushe. "We therefore request that these recommendations be discussed at the next committee meeting." Ba addu'a, ba godiya mai layi huɗu, ba sabuwar shawarar da aka manta a sama.

Mataki na biyar rubutun kansa. Aji mai mutum sittin ko tamanin in ka ce kowa ya rubuta nasa tun zubin farko kai za ka kwana kan takardunsu har sati biyu kuma ba za ka gyara da kyau ba. Zubin farko na gungu ne, kowane mutum da sashensa, su haɗa, sai a yi musaya, gungu ya karanta na wani gungu a matsayin furobizer. Tambaya huɗu za ka ba su: na gane abin da ake nema cikin minti ɗaya, akwai lamba a sashen matsala, kowace shawara na da matsalarta da kuɗinta, akwai jimlar da za ta ɓata min rai. Su ja layi da fensir kawai kar su gyara, masu takardar su za su gyara. Wani abin da ke aiki sosai shi ne ka zaunar da ɗalibi ɗaya kan kujerarka a matsayin furobizer, gungu ya karanta masa da ƙarfi, shi kuma ya yi tambaya da Ingilishi, "Who will clean the room?", "Who will pay for repairs?" Duk tambayar da suka kasa amsawa rami ne a takardar, su koma su cike. Ka zaɓi mai bakin ajin, zai ba ka mamaki.

Bayan nan ne kowa zai rubuta nasa shi kaɗai a matsayin dabuwar, cikin aji, minti 45, kalma 220 zuwa 260 ga ƴan firimiyar da tarminal, ƴan turaziyam kuwa 120 zuwa 150 da shawara biyu ya isa. A cikin aji fa na ce, don in ka ba su su kai gida rabin ajin ChatGPT ko Google Translate zai rubuta musu a waya, za ka gane ma, Ingilishin sumul amma babu ko lamba ɗaya ta ɗakinku, babu ƙura babu kuran, lakwal ce da ba ta duniyar nan.

Wajen ba da maki tsarin Cambridge ya zo daidai da namu, ma'auni huɗu suke dubawa kowanne maki 5, wato abin da aka faɗa, dacewar salo da mai karatu, tsarin takardar, sai harshe, ka ga 20 cif. Ka gaya wa yara wannan rabon tun kafin su fara. Amfaninsa shi ne yaron da nahawunsa ke ɗingishi amma ya kawo hujja da tsari mai kyau zai iya samun 12 ko 13, wanda ya iya jimla kuwa amma roƙo kawai ya rubuta ba zai wuce shi ba. Kuma kar ka jiƙe takarda da jan bik, ka sa alama a gefe, T na lokacin aikatau, WW na kalmar da ba ita ba, R na salon da ya yi sakaci da yawa, ka bar shi ya nemo gyaran da kansa ya sake kwafewa.

Mataki na ƙarshe, ku zaɓi wadda ta fi kyau ko ku haɗa mafi kyawun sassa, yaran su buga ta da hannunsu a kan ɗaya daga cikin kwamfutocin da ke aiki, shafi ɗaya, a liƙa takardun farashin a baya, wakilan aji biyu mace da namiji su kai. Ka riga ka sanar da furobizer tun kafin a fara aikin gaba ɗaya, kar ya ga kamar zuga yara kake. In za ta kai gaban kwamitin lakwal a haɗa da taƙaitawa ta Faransanci, a kuma shirya ɗalibin da zai yi bayani da Hausa, don yawancin iyayen da ke zaune a kwamitin ba Ingilishi suke karantawa ba. Ka gaya wa yaran ƙila a yi abu ɗaya cikin ukun, ƙila a ce sai baɗi in kasafi ya zo. Ka ajiye kofi ɗaya da takardun ƙirgan a fayil ɗinka da kwanan wata a jiki, in an koma lakwal a watan Oktoba sabon aji ya sake shiga ya ƙirga ya kwatanta da na bara, daga nan sai ka shiga darasin report, wanda shi abin da ya riga ya faru yake bayani.